Kwamfutar da kowa ke zama a gabanta

Yau wata baiwar Allah ta zauna a gaban kwamfutar da ake amfani da ita tare a wani ofis, tana buɗe Gmail sai Chrome ya cike mata gurbin da imel ɗin wani da kalmar sirrinsa. Dannawa ɗaya ta rage ta faɗa cikin saƙonninsa. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don mai imel ɗin amsa wa burauzar Chrome kawai ya yi ranar da ta tambaye shi ko ta ajiye kalmar sirrinsa.

Gyara saiti da hannu ba ya ɗorewa, na bayanka zai mayar da shi yadda yake. Sai an kulle daga sama. A Windows, a ɗora fayilolin ADMX na Chrome (fayilolin da ke ɗauke da jerin dokokin Chrome) a Group Policy (inda ake gindaya wa kwamfuta dokoki), a kashe PasswordManagerEnabled don hana ajiye sabbin kalmomin sirri, a mayar da BrowserSignin 0 don hana shiga burauzar kanta da asusun Google, a sa * a ExtensionInstallBlocklist don kada kowa ya girka ƙarin manhajar burauza (extension) da ya ga dama. Dokokin na da ɓangare biyu, na dole da na shawara; a ɓangaren dole ake sa su, domin na shawara kowa na iya sauya shi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Sannan a ba da umarnin gpupdate /force don dokokin su fara aiki, a buɗe chrome://policy a cikin Chrome a ga ko sun hau. Kalmomin sirrin da aka riga aka ajiye kuwa suna nan suna aiki har sai an share su. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne asusun admin, mai cikakken iko a kan kwamfutar: muddin da shi ake shiga, wanda ya san rajistar Windows (inda Windows ke ajiye saitunanta) zai iya cire dokokin nan.