Iskar da na yi ta zagi a hanyar Tasawa

Lahadi, satin farko na watan Maris.

Ina rubutun nan ƙafafuna cikin bokitin ruwa. Uwar yara sai wucewa take tana kallona, har yanzu ba ta ce uffan ba, kuma na san ajiya take yi.

Tun Alhamis na tsara yau zan yi gudun kilomita 18, tara zuwa tara dawowa, a titin da ya nufi Tasawa da Damagaram. So nake in kai 21 kafin zafin Afrilu ya hana kowa motsi. Niyyata ana sallame asuba in ɗaura takalmi, ƙarfe shidda ta same ni a bakin gari. To, jiya ƙaramin ɗanmu ya kwana tari, ga shi an ɗauke wuta. Da na dawo masallaci na ce bari in ɗan kishingiɗa minti goma. Bugun ƙofar Auta ne ya tashe ni, bakwai da rabi ta wuce.

"Yaya, rana fa ta yi. Da sanyin safiya ake kama fara, mu bar shi sai wani satin."

Na ce masa ya hau kekensa kawai. Ya ɗaure piya wata huɗu a baya, dala biyar-biyar, muka fita. Salulata ta nuna digiri 24. Na ce ai wannan ba zafi ba ne a Maraɗi.

Muna barin gidaje iska ta tare mu. Ragowar hunturu ce, daga gabas maso arewa, busasshiya, ga ƙura. Gari ya yi fari fat da hazo, rana kamar faifan azurfa, kana iya kallonta ido da ido. Duk kamyon da ya wuce sai ya watsa min yashi a baki, in ji shi yana ƙaras-ƙaras tsakanin haƙora. Ni da na saba cin kilomita a minti biyar da rabi, agogo ya dinga nuna min shidda da daƙiƙa goma, alhali haki nake kamar mai hawan tudu. Riga ta manne a ƙirji, tana kaɗawa ta baya. Ban san iyakar baƙar maganar da na gaya wa iskar nan a zuci ba.

A kilomita na huɗu Auta ya shiga gabana da keke, ya ce in lafe a bayansa. Nan take na ji an rage min kaya. Ya waiwayo yana dariya: "Ga Kipchoge na unguwar Zariya!" Shi ya taɓa nuna min bidiyon a salularsa: birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, 12 ga Oktoba 2019, Eliud Kipchoge ya cinye kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Mutum biyar a gabansa sun yi masa katanga, biyu a baya, ana canza su rukuni-rukuni, duk don kada iska ta taɓa shi. Ranar ma zaɓarta aka yi, safiya mai sanyi, wajen digiri 10, ba iska. Saboda irin wannan gatan ne ba a rubuta lokacin a matsayin bajintar duniya ba. Ni kuwa gatana yaro ɗaya ne a kan keken da sarƙarsa ke faɗuwa.

Abin da ya ruɗe ni, duk tafiyar nan ban ji zufa ba. Goshina a bushe, rigata a bushe. Auta ya miƙo ruwa sau biyu na ce ya bari tukuna. Sai a wurin juyawa, da na shafa fuska, na ji gari-gari a hannu. Gishiri ne. Ya yi wa baƙar rigata zane fari daga kafaɗa har gadon baya, kamar taswira. Ashe zufar tana fita, iska ce ke lashe ta kafin in gan ta. Auta, da yake makarantar koyon jinya yake, ya ce mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Na sha leda ɗaya don ya ƙyale ni.

Muka juyo, iska ta koma bayana. Kai, daɗi! Kilomita biyu na farko na yi su a biyar da kwata, har ina ce wa Auta yanzu za ta biya ni bashina.

Ba ta biya ba, kuma abin kunyar shi ne fizik nake koyarwa a kwaleji, na sha rubuta lissafin nan a allo. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da saurinta, ninkin-ba-ninki take. A ce ina gudun kilomita 11 a awa, iska ma tana 11. In na fuskance ta, abin da ke dukan ƙirjina 22 ne, turjiya ta zama huɗu a maimakon ɗaya. In na ba ta baya, ta koma sifili. Wato a zuwa an caje ni uku, a dawowa aka mayar min da ɗaya. Ko a kasuwa aka yi maka wannan canjin sai ka kira mutane.

Amma ba wannan ne ya kayar da ni ba.

Wajen kilomita na sha biyu na lura da wata baƙar leda a gefen kwalta. Tana birgima, tana ɗan tashi, tana sauka, daidai kafaɗata. Ba ta wuce ni, ban wuce ta. Mun fi mita ɗari biyu tare kamar mun yi alkawari. Da farko dariya ta ba ni. Can sai na gane abin da take gaya min: ni da iska saurinmu ɗaya, ke nan babu iskar da ke taɓa ni ko kaɗan. Ina tsakiyar fili, amma kamar ina cikin ɗakin kwano an rufe taga. Zufar da ɗazu ban gani ba ta fara tsiyaya, tana shiga ido da yaji, tana ɗiga ta haɓa. Zufar da ta ɗiga ƙasa kuwa asara ce, sai wadda ta bushe a fata ke tafiya da zafi. Hazo ya ɗan yaye, kwalta ta fara huci ta ƙasan takalmi.

Daga nan komai ya lalace da sauri. Bugun zuciyata har a kunne nake jin sa, ga shi gudun ya ragu. Dalilin ma na san shi: kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, jiki kuma sai ya tura jini fata don ya fitar da shi, ƙafafu su samu ragowa, zuciya ta yi ta ƙara bugu don ta cike giɓi. A kilomita na sha huɗu tsikar jikina ta tashi, na ji wani sanyi-sanyi a cikin wannan rana. Na gaya wa Auta ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya gitta keken a gabana.

"Yaya, wallahi ka tsaya. Jin sanyi cikin zafi ba alheri ba ne."

Na so in yi gardama, sai na ga titin ya ɗan karkace.

Akwai wani gawo a gefen hanya, ganyensa shar kamar yadda yake yi da rani. Wani dattijo ya tsayar da amalanken jakinsa a inuwar, ya ɗoro kara. Ya dube ni tun daga takalmi har kai.

"Sannu ɗana. Mi ya koro ka?"

"Ba komai Baba, motsa jiki ne."

"Cikin wagga rana? To, Allah shi ba da lada."

Ya kwanto wata jarka daga jikin amalanken, an naɗe ta da tsohon buhu an ɗinke, buhun a jiƙe. Ruwan sanyi ƙarara, kamar daga randa. Auta ya kwara min a kai da wuya, ya jiƙa rigar, ya sa ni zama ina fuskantar gabas. Na ce Baba ruwan nan kamar da ƙanƙara. Ya ce shi dai yana jiƙa buhun ya rataye ta inda iska ke bugu, in ya sa ta cikin kara ba ta yin sanyi. Auta ya kalle ni, na kalli jaki.

Muna zaune Auta ya ba ni labarin Doha ta ƙasar Katar, gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta 2019. Saboda zafi sai tsakar dare aka tashi gudun yada ƙanin wani na mata, amma duk da haka cikin 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba. Zafin bai wuce digiri 32 da ɗoriya ba, laimar teku ce ta hana zufa bushewa. Na tuna irin rumumin da muke sha a nan ƙarshen Mayu, in hadari ya yi ta haɗuwa bai zubar ba, mutum na zaune ma yana naso. Wancan watan ba na jin zan wuce zagayen fili da asuba.

Kabu-kabu na hau zuwa gida. Da na duba salula digiri 33. Fura na sha, sai ruwan gishiri da sukari da Auta ya dama ya tsaya a kaina har na shanye. Fitsarina bai washe ba sai bayan la'asar.

Lahadi mai zuwa yamma zan nufa, in ba iska baya tun da duhu-duhu, in dawo ina fuskantarta lokacin da rana ta ɗaga. Na gaya wa Auta, ya ce sai in ƙarfe shidda ta yi mana a kan titi, in ba haka ba in nemi wani ɗan rakiyar.

Uwar yara ta shigo yanzu ta ɗauke bokitin. Ta ce da wanki za ta yi da ruwan, kuma rigar nan mai gishiri ni zan wanke abata.