Suturar gini da karatun da ba ya ƙarewa

A shekara ta uku da dawowata daga Lome, inda na yi karatun zanen gine-gine a makarantar EAMAU, wani kawuna ya nemi in duba masa zauren gidansa da ke unguwar Birni a nan Damagaram. Zaure ne na tubali, bangonsa ya fi kamu guda kauri daga tushe, yana tafiya yana sirancewa har zuwa zankwaye. Kawu ya gaji da yaɓen da ake sabuntawa kowace ƴan shekaru, ni kuwa na ba shi shawarar da nake gani ita ce ta zamani, wato a bi bangon waje da siminti a huta. Aka yi, maƙwabta suka yaba. Bayan damuna biyu sai aka wayi gari simintin gefen gabas ya ɓantaro kamar ɓawon itace, ya kuma taho da ƙasar bangon mai kaurin tafin hannu.

Tsohon maginin da aka kira ya gyara ya daɗe yana shafa wurin kafin ya ɗebo ƙasar, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya nuna mini danshin da ke jikinta alhali kwana goma ke nan rabon gari da ruwa. Na ce masa, "Baba, ai don kada ruwa ya shiga muka sa simintin." Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya rasa hanyar shiga. Ƙasa numfashi take yi, kai kuwa ka toshe mata hanci." Daga baya na tarar da bayanin maganarsa a littattafai. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ya sauya, saboda haka tsaga takan buɗe, ruwa ya zurara ta gefen indararo ya shige baya, simintin kuma ya hana shi fita, sai bangon ya yi ta narkewa a ɓoye.

Tun daga ranar na fahimci cewa takardar shaidar da na dawo da ita izinin fara koyo ce, musamman a fannin da nake kira suturar gini, wato bango da yaɓensa, da rufi, da tagogi da ƙofofi, da duk abin da ya shiga tsakanin mazaunin ɗaki da rana, ruwa, iska da ƙura. A nan ne gine-ginenmu suka fi cutar da masu su. Ginshiƙi da tushe muna yi musu lissafi da tsoron Allah, domin kowa ya san idan suka gaza rai ne zai salwanta, amma bango da rufi sai mu bar su ga abin da aka saba: bulo mai rami na santimita 15, da kwano a kai, da gilashi idan mai gida yana da hali. Irin wannan ɗaki a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ba ya zaunuwa da rana, ba ya kwantuwa da dare, sai da na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin wutar da yawancin mutanenmu ba su da shi.

A wasu ƙasashe an mayar da sabunta ilimi wajibi a kan duk mai wannan sana'a. Ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka tana neman awa 18 na ƙarin karatu a shekara daga kowane ɗanta, 12 daga ciki a kan lafiya da tsaron rayukan jama'a. Ta Ingila tana neman awa 35, a Faransa kuwa tun 2016 aka ɗora awa 20 a shekara. Ina ganin hikimar wannan tsari, domin kayan gini suna sauyawa fiye da yadda littafin makaranta yake sauyawa. Gobarar dogon benen Grenfell a Landan, a watan Yunin 2017, ta ci rayuka 72, kuma abin da ya sa wutar ta haye ginin cikin ƙanƙanin lokaci shi ne falankin almuniyam mai roba a tsakiya da aka lulluɓe bangon waje da shi. Falanki mai kama da wannan yau ana manna shi a fuskar shaguna da gidajen mai a garuruwanmu, kuma kafin in karanta labarin wannan gobara ban taɓa tambayar mai kaya abin da ke tsakiyar falankinsa ba. Yanzu ina tambaya, ina kuma neman takardar da ta nuna yadda yake idan wuta ta taɓa shi.

Sai dai ba na son mu kwafo tsarin nasu da ido rufe. Yawancin darussan da ake samu kyauta ta intanet kamfanonin da ke sayar da kayan ne suke shirya su, kuma an tsara su ne domin ƙasashen da babbar damuwarsu ita ce kada ɗumi ya fita daga ɗaki. Ko maganar inda rana take bi ta bambanta. Littattafan Turai suna koyar da cewa bangon arewa ba ya ganin ranar tsaka, don haka ba ya buƙatar inuwa. Mu kuwa muna kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da kanmu, wato bangon arewa ma yana buƙatar inuwarsa, kuma a daidai lokacin da gari ya fi zafi. Gabas da yamma su ne suka fi shan azaba, yamma saboda ranar la'asar, gabas saboda ranar hantsi da kuma hadarin damuna, wanda ta can yake tasowa da iska da ƙura ya doki bango a karkace. Duk wanda ya zaga Birni ya lura zai ga bangon gabas ne yake fara zaizayewa.

Ilimin da ya dace da mu yana da malamai biyu, kuma ɗaya daga cikinsu yana ƙarewa a hankali. Tsofaffin magina sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a jiƙa a kwaɓa yaɓe da ruwanta domin ya jure damuna. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufin soro da shi ruwa ya riƙa zamewa. Sun san tsawon da azara take ɗauka kafin ta lanƙwashe, da yadda ake ɗaure bakan gizo, wato bakan ginin da ke riƙe rufi, idan ana son ɗaki mai faɗi. Wannan sani yana tafiya ne tare da wasu sana'o'i, domin idan marina ta mutu katsi ya tafi, idan giginya ta ƙare azara ta tafi. Lokacin da tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a ruwan farkon Satumbar 2024, na tsaya a gaban tarin ƙasar ina tunanin mutum nawa suka rage a garin nan da za su iya tayar da irinsa da hannunsu, da kuma mu nawa ne masu takarda da muka taɓa zama muka rubuta abin da suka sani.

Malami na biyu shi ne ɗakin gwaji da binciken zamani, kuma ba ƙaramin aiki aka yi a kan ginin ƙasa ba. Cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa tun 1979 take wannan nazari. A nan Nijar, a garin Chikal, aka fara ginin da ba ya buƙatar itace a 1980, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ko baka na bulon ƙasa zalla, dabarar da aka samo daga yankin Nuba da ke tsakanin Masar da Sudan. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallacin Dandaji da bulon ƙasa matsattse, wato wanda ake matsewa da inji, suka kuma mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kere ya ɗaga kwanon makarantar firamare sama da rufin ƙasa, ya bar sarari a tsakani iska tana ratsawa tana kwashe zafin, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta duniya ga masu zanen gini. Wannan rufi mai hawa biyu shi ne abin da na fi amfana da shi a aikina, domin a gida mai hawa ɗaya ta sama mafi yawan zafi yake sauka.

Amma karanta waɗannan ayyuka bai isa ba, sai hannu ya taɓa. Bulon ƙasa matsattse, wanda akan sa masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ba kowace ƙasa yake karɓa ba. Akwai gwajin da nake sa duk matashin da ya zo koyon aiki wurina ya yi a makonsa na farko. Ya zuba ƙasar a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye har gobe. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka mai laushi ta biyo, yumɓu ya zauna a sama, sai ya auna kowane da ma'auni. Idan yumɓu ya yi yawa bulon zai tsattsage wajen bushewa, idan ya yi kaɗan zai marmashe a hannu. Bayan an buga kuma dole a lulluɓe shi, a riƙa yayyafa masa ruwa, a jira mako huɗu kafin a ɗora masa nauyi. A nan ne matsalar Damagaram take shigowa, domin garin da aka san shi da ƙarancin ruwa, inda mai gini yake sayen kowane jarka daga ƴan ga-ruwa, ban-ruwan bulo shi ne abu na farko da ake tsallakewa. Bulon siminti ma haka yake shan wannan rashi, shi ya sa za ka ga wani yana ɓarewa da farce. Mai zanen da bai sa kuɗin ruwan nan a lissafinsa tun farko ba, shi ya jawo, ba lebura ba.

Ya kamata kuma mu faɗa wa masu gida gaskiya game da iyakar ginin ƙasa. Bango mai kauri yana jinkirta zafin rana awanni da yawa, amma zafin da ya haɗiye da rana zai amayar da shi da dare, don haka sai an tanadi ƙananan tagogi a sama masu fuskantar juna da za a buɗe bayan isha. Tushensa yana son dutse ko kankare da ya ɗaga shi daga kwancin ruwa, dutse kuwa Allah ya hore mana shi a garin nan. Indararo yana son tsawo, domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Yaɓe kuma yana son a waiwaye shi kafin kowace damuna.

Abin da nake roƙon ƴan'uwana masu wannan sana'a da ƙungiyarmu shi ne mu kafa wa kanmu bita ta kowace shekara, ko da ta kwana uku ce, rabi a aji rabi a wurin gini, a gayyato injiniya da malamin jami'a, a kuma gayyato tsohon magini a zaunar da shi a kujerar malami, a biya shi kamar yadda ake biyan sauran. Gemu ba ya hana ilimi, kuma waɗanda suka daɗe a aikin sun fi kowa buƙatar zuwa, domin su ake kwaikwaya.

Kafin a kai ga haka, mu huɗu mun fara namu a wani fili da ke bayan gari. A watan Maris muka tayar da guntayen bango biyar masu tsawon mita ɗaya da rabi, duka suna fuskantar gabas: ɗaya da yaɓen ƙasa da ciyawa, ɗaya da makuba, ɗaya da farar ƙasa da yashi, ɗaya na bulo matsattse ba yaɓe, na ƙarshe da siminti a kan tubali kamar yadda na yi wa kawu. Tsohon maginin nan shi ya kwaɓa makubar da kansa, ya hana mu gaggawa, ya ce sai ta kwana. Muna ɗaukar hotonsu bayan kowane ruwa, muna rubuta kwanan wata da abin da ya zaizaye a wani littafi da ke wurin mai gadi. Idan Allah ya kai mu ƙarshen Satumba za mu fasa kowanne mu ga abin da ke bayan yaɓen, kuma duk abokin aikin da yake son ya gani da idonsa muna maraba da shi.