Daga Agege Zuwa Matsirgar Erin-Ijesha

Motarmu tana tashi daga Agege ne da an sallame sallar asuba, kuma ba na jiran kowa fiye da minti goma. Duk wanda ya taɓa bin mu ya san wannan. Dalili kuwa shi ne doguwar gadar nan da ke gaba da Berger a mafitar Legas, daidai kasuwar shanu ta Kara. In ka haye ta gari bai gama wayewa ba, ka ci rabin tafiyarka. In ka bari rana ta ɗago, kana iya shafe awa biyu a wurin kana kallon bayan tirela, fasinja suna ta tsaki, ruwan da za ka kai su gani kuma yana can jihar Osun.

Sana'ata ke nan. Ina kai mutanenmu na Legas yawon buɗe ido, kuma inda muka fi zuwa shi ne matsirgar ruwa ta Erin-Ijesha. Kamfanin ba wani babba ba ne. Ni ne, da ƙanina mai riƙe littafi da waya, da direba ɗaya, sai ƙanwarmu da ke kula da ɓangaren mata. Bas ɗaya gare mu mai cin mutum 14. In aiki ya yi yawa lokacin Sallah sai mu yi hayar ta biyu.

Goro ne ya kai ni wurin. Fataucin goro ya kawo mahaifinmu Agege, kamar yadda ya kawo iyaye da kakannin da yawa daga Hausawan unguwar. Na taso ina yaron mota, daga baya na zama direba, ina ɗauko huhunan goro daga ƙauyukan Ijesha zuwa Shagamu da Agege. Wata rana kaya bai haɗu ba, aka ce sai la'asar. Bayaraben da muke saye a hannunsa ya gan ni zaune a inuwa, ya ce in taso ya nuna mini abin da garinsu ke alfahari da shi. Na yi shekaru ina wuce mararrabar nan ta kan hanyar Ilesha zuwa Akure ban san abin da ke bayan tsaunukan ba. Da na dawo Agege na ba da labari a majalisa, aka ce in da gaske nake in kai su su gani da idonsu. Mutum tara na fara ɗauka, kuɗin mai kawai suka haɗa.

Hanyar na san ta kamar yunwar cikina. Daga Legas zuwa Ibadan, wadda tsofaffinmu har yanzu Badun suke ce mata, kilomita 120 ne da ɗoriya. Zangonmu na farko Ogere ne, inda manyan motoci ke yada zango, don akwai 'yan uwa masu shayi da wurin kama ruwa. Daga Ibadan mu ɗauki hanyar Ife. A Ikire yara sukan rufe tagogin mota da dodon garin, soyayyar ayabar nan mai barkono, a Osu kuma, dab da Ilesha, ƙosai ne ya yi suna. Ba na hana kowa saye, amma ba na bari a kashe mota. In hanya ta yi kyau, awa huɗu da rabi zuwa biyar muna bakin ƙofa.

Olumirin mutanen garin suke kiran ruwan, yana ƙaramar hukumar Oriade. Hawa bakwai ne, ruwan yana gangarowa daga wannan dutse zuwa wancan, can ƙololuwa kuma akwai wani ƙauye da ake kira Abake, ta wajen iyakar jihar Ekiti. A labarinsu na kaka da kakanni, wata mace ce mai suna Akinla, daga zuriyar Oduduwa kakan Yarabawa, ta jagoranci jama'arta daga Ife har suka iske wurin, kuma mutanen da sun ɗauke shi wuri mai tsarki. Saboda haka ne wasu malamanmu suka tare ni tun farko, suka ce ina kai Musulmi wurin tsafi. Na ba su amsa cikin ladabi, kuma ita nake bayarwa har gobe: tarihinsu nasu ne, ba ma taɓa shi, ba ma kuma raina shi. Mu halittar Ubangiji muka je gani, mu yi sallarmu ta ƙasaru a kan tabarmin da muka zo da su, mu dawo. Ɗaya daga cikin malaman ya bi mu daga baya, shi ya ja mu sallar azahar a ranar.

Daga inda ake ajiye mota zuwa hawa na farko ba nisa, tafiya ce ta matakala a cikin kurmi. Tun ba ka ga ruwan ba za ka fara jin rurinsa, iska kuma ta sauya ta yi sanyi kamar an buɗe firji. A nan nake rage sauri in koma bayan layi, don ina son ganin fuskokin mutane in sun sha kwanar ƙarshe. Ka tuna su wane ne fasinjana. Mahauci ne daga mayankar Oko-Oba, mai tumatir daga Mile 12, ɗan canji, mai gadi, mai ɗinki, matan aure da rabonsu da fita Legas tun bikin wata 'yar uwa. Ruwan da suka sani a garin nan na kwata ne da na ambaliya da wanda ake saye a jarka. Sai ga ruwa fari fat yana zubowa daga sama tsakanin duwatsu da itatuwa, mai sanyin da ke ratsa ƙashi, ba mai sayar maka da shi. Masu surutu sukan yi tsit. Daga nan sai ka ji tasbihi yana tashi nan da can.

Wanda ba na mantawa da shi wani dattijo ne mai tallan goro a faranti, abokin mahaifinmu. 'Ya'yansa ne suka biya masa. Muna cikin hawa ya tsaya yana haki a gindin wata bishiya, na ce, "Baba, a huta tukuna?" Yaron garin da ke mana jagora ya nuna masa sama, ya ce ai bishiyar goro ce yake jingine da ita. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya fi shekara talatin yana sayar da goro, ya san ɗan wane gari ne da ganin fatarsa, ya san yadda ake yayyafa masa ruwa a canja masa ganye, amma bai taɓa ganin uwar da ta haife shi ba. Jagoran ya roƙi mai gonar, aka tsinko masa ɗaya a cikin kwansonsa, aka fasa a gabansa. Ya ce mini, "Ɗana, ko a nan muka juya kuɗina ya biya." Tun daga ranar na sa tsayawa a gonar goro da koko cikin tsarin tafiyar, da izinin masu gonar, kuma nakan ba su ɗan abin hasafi.

Aikina na gaskiya kuwa ƙirga kawuna ne da duba agogo. Dokata ita ce ba mai wuce hawa na biyu. Zuwa nan akwai matakala, mai ƙarfi da marar ƙarfi duk suna iya kaiwa a sannu. Daga nan sama sai kama saiwa da rarrafe a kan dutse mai santsi, kuma zuwa Abake da dawowa aikin sa'o'i ne. Da wahala na koyi wannan doka. A shekarata ta biyu wasu samari uku suka sulale suka yi sama ba su gaya wa kowa ba. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, waya ba ta shiga. Na tura jagora biyu, ni kuma na tsaya da iyayen ɗaya daga cikinsu, uwar tana kuka ina ba ta haƙuri alhali nawa cikin ya ɗuri ruwa. Sai dab da magariba aka sauko da su, ɗaya ya gurɗe a ƙafa. Muka yi tafiyar dare, abin da na tsana a wannan hanya, muka shiga Agege bayan ɗaya na dare. Yanzu kafin a sauka daga mota nakan faɗi dokar da Hausa, in sa kowa ya amsa, ƙanina yana gaba ni ina baya. Ƙarfe uku na rana kowa yana kan kujerarsa. Samarin da ke son hawa bakwai ina shirya musu tafiyarsu daban, ta kwana biyu, mutum shida kacal da jagorori biyu. Washegari mu ƙarasa Ekiti su ga Ikogosi, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, da matsirgar Arinta da ke Ipole-Iloro.

Silifas ma na hana. Wanda ba shi da kambas muna da 'yan ƙafa shida a bayan mota na aro.

Ɓangaren mata shi ya fi ba ni tunani, shi ne kuma ya riƙe kamfanin. Ranakun Asabar da Lahadi wurin cike yake da ɗalibai da kiɗa da masu wanka, kuma yawancin magidantanmu ba za su sake da iyalinsu a cikin wannan ba. Sai na mai da tafiyar iyali ta koma Talata ko Laraba, lokacin da za ka samu wurin kusan ku kaɗai. Ƙanwarmu ce ta kawo shawarar a riƙa gaya wa mata tun a gida su sa wando a ciki, su zo da hijabin da bai ja ƙasa ba da kayan canji a leda, don doguwar riga in ta jiƙe a kan matakala haɗari ce. In mata za su shiga ruwa, maza mukan koma ƙasa mu shimfiɗa tabarmi mu buɗe kuloli. Abincinmu daga gida muke tafiya da shi, waina da miyar taushe, ko shinkafa da dambun nama. Ledar da muka zo da ita kuma da ita muke komawa. Ba na son a ce Hausawa sun zo sun bar shara.

Maganar kuɗi ita ce mai zafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin ya birkice. Mai, kuɗin shiga, jagora, abinci, direba, da abin da ake warewa don taya da birki, duk a kan kujeru 14 ake raba su. Sai mutum na goma ya biya sannan na fita daga asara, ribar tana cikin huɗun ƙarshe. Shi ya sa ba na rubuta sunan kowa sai ya ba da kafin alƙalami, ko da aminina ne, don "in sha Allahu ina ciki" ta sha barina da kujeru babu kowa. Talla kuwa ba mu da wadda ta wuce hotunan da fasinja ke ɗorawa a WhatsApp. Kasuwarmu tana ci ne a kwanakin Sallah ƙarama da babba da hutun makaranta na Disamba. Da azumi ba ma fita. A tsakiyar damina, wajen Yuni da Yuli da kuma Satumba, ruwan ya fi ƙarfi da ban sha'awa, amma duwatsun sun fi santsi, don haka nakan rage tafiya, ba na kuma ɗaukar tsofaffi. Ni a wurina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa da saura, sama kuma ta fara washewa. Sauran kwanaki motar tana kai 'yan biki da masu rakiyar alhazai filin jirgi.

Akwai masu ce mini ai muna da irinsa a gida, ga Gurara a jihar Neja, ga Matsirga a Kafanchan, ga Assop a hanyar Jos, ga Farin Ruwa a Nasarawa. Gaskiya ne, kuma nakan tambaye su wanne suka taɓa zuwa. Yawanci shiru ne amsar, don ɗan kasuwarmu in ya je gida gaisuwa da biki da ta'aziyya ne ke cinye kwanakin, in yana Legas kuma rumfa ba ta barinsa. Yini ɗaya nake roƙo a wurinsa, daga asuba zuwa bayan isha'i.

Baba mai goro ya aiko ƙaramin ɗansa makon jiya da kafin alƙalamin kujera uku na Talatar bayan Babbar Sallah, shi da Inna da jikarsu. Ya ce a gaya mini kada in manta da tsayawa a gonar nan, yana so Inna ta gani. Na rubuta su a layin bayan direba, inda jijjiga ba ta da yawa.