Neman Ƙauyen Kakan Matata a Jamus

Aikin makaranta ne ya jawo mini. An ce wa 'yata ta rubuto salsalarta, uwa da uba. Ɓangarena bai ɗauke mu minti biyar ba, na jero mata kakanni shida da ka, yadda gwaggona take jero mana su a Zariya. Da muka koma ɓangaren uwarta, Ba'amurkiya 'yar jihar Missouri, sai magana ta tsaya cak. Na kira surukata na ce, "Mama, wa ya fara zuwa ƙasar nan a gidanku?" Ta ce, "Johann Heinrich, kakan kakana. Manomi ne, daga Jamus ya zo." Iyakar abin da ta sani ke nan.

Ni kuwa da karambani na ce a ba ni mako biyu. Sai da na shekara.

Kuskurena na farko shi ne tsallaka teku da gaggawa. Na shiga intanet na rubuta sunansa da na gidansu, sai ga masu irin sunan tuli. Na ɗauki wanda shekarunsa suka yi kusa, don na ga wani ya riga ya haɗa masa iyaye da kakanni har ƙarni na 17. Wata uku ina bin wannan bawan Allah, har na sanar da dangi, kafin na ci karo da ranar da aka binne shi a garinsu. Bai taɓa ko leƙa bakin teku ba. Na sha kunya a gaban surukai, kuma kowa ya san irin wannan kunyar ba ta wankuwa da wuri.

Na dawo na fara daga Amurka, inda ya kamata in fara. Takardun ƙidaya suka ƙara rikita ni: ta 1860 ta ce a Hanover aka haife shi, ta 1870 ta ce Prussia, ta 1880 ta ce Jamus. Na ɗauka mutum uku ne. Ashe mutumin yana nan yadda yake, ƙasar ce take sauya hannu. Lokacin da ya yi ƙaura babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗe ta. Hanover masarauta ce mai cin gashin kanta har Prussia ta haɗiye ta a 1866. Ƙidayar 1890 kuwa kada ma ka ɓata lokacinka, gobara ta lalata mafi yawanta a birnin Washington a 1921.

Na sa rai da takardun jirgin ruwa, nan ma ban samu yadda nake so ba. Surukata ta rantse ta Ellis Island, tashar karɓar baƙi ta New York, ya shigo, alhali ba a buɗe wurin ba sai 1892, shi kuwa tun shekarun 1840 yake noma a Missouri. Mutanen yankinsa da yawa daga tashar jirgin ruwa ta Bremen a Jamus suke tashi, su sauka New Orleans, su hau jirgin kogin Mississippi zuwa St. Louis. Jerin fasinjojin Hamburg, wata tashar ta Jamus, na 1850 zuwa 1934 yana nan, amma na Bremen na wancan zamanin an lalata shi don rashin wurin ajiya. Na New Orleans na same shi a ciki, sai dai a gurbin inda ya fito an rubuta Hanover kawai, kamar ka tambayi mutum garinsu ya ce maka Arewa.

Ƙauyen nake nema, don kafin 1876 babu rajistar haihuwa ta gwamnati da ta game Jamus duka. Coci-coci ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kowane da littafinsa. In ba ka san ƙauye ba, ba ka san littafin da za ka buɗe ba.

Inda na sami sunan ƙauyen ya ba ni haushi, don tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga gidana. Wata Asabar muka je ƙaramin cocin Lutheran da aka binne Johann Heinrich a bayansa. Dutsen kabarin ya yi gansakuka, da Jamusanci aka rubuta, matata ta sa yatsa tana bin haruffan. Wata dattijuwa mai kula da wurin ta fito mana da littafin mamata daga kabad, bangonsa ya kwaye, an ɗaure shi da zare. Cocin Jamusawa da dama a can da harshensu suke rubutu har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma limaminsu yakan sa inda aka haifi mamaci. Ga layin mutuminmu, ga sunan wani ƙauye kusa da birnin Osnabrück. Na ɗauki hotonsa ya fi sau goma, ban iya karanta ko kalma guda ba.

Kurrent ake ce wa rubutun. Harafin e kamar n yake, h yana da madauki sama da ƙasa, u kuwa sai an ɗora masa ɗan baka a ka ake bambanta shi da n. Na koma ɗan makarantar allo, ina kwafar baƙi ɗaya-ɗaya da daddare. Wanda ya taɓa fama da tsohon ajami na hannun wani malami ya san ciwon idon. Bayan makonni na biya kuɗi na shiga shafin intanet na Archion, inda aka ɗora hotunan littattafan cocin Furotesta. Na Katolika suna Matricula, kyauta.

A nan ne zamana Bahaushe ya yi mini rana. A gidan su mutuminmu, 'ya'ya maza uku duk Johann ne. Matata ta ce limamin ya yi kuskure. Na yi dariya na ce ai gidanmu ke nan: Muhammadu Sani, Muhammadu Salisu, Muhammadu Rabi'u. Da suna na biyu ake kiran kowa, don haka namu Heinrich ne a bakin uwarsa.

Uban ne ya ƙi samuwa. Na bi littafin haihuwa shekara talatin baya, babu shi. Sai a littafin aure na ga kalmar genannt, wato "wanda ake kira", tsakanin sunaye biyu. A wannan yanki gona ce mai suna. Namiji in ya auri magajiyar gona ya tare a gidanta, sunan gonar yake ɗauka ya ajiye na ubansa. Sunan da surukata take alfahari da shi, ashe na gonar kakarsu ne.

Wannan ne kuma ya nuna mini abin da ya fitar da Heinrich daga gida, ko da yake hasashena ne, bai bar wasiƙa ba. Ba a raba gona a can, ɗa ɗaya ke gadonta. Sauran su zama Heuerling, masu zaman haya a bukkar mai gona suna biya da kuɗi da ƙwadago, suna cike giɓi da saƙar lilin. Saƙar kuma ta karye a wannan zamanin saboda yadin injin Ingila. A Amurka kuwa a lokacin gwamnati na sayar da eka a dala 1.25.

Da na kai wa surukata takardun, ta sa tabarau ta daɗe a kan shafin auren. Can ta ɗago ta ce, "To, sunan mace muke amsawa ke nan duk shekarun nan?" Na ce, "Haka littafi ya nuna, Mama." Ta ce in buga mata kwafi biyu, ɗaya na ɗan'uwanta ne, kuma ita za ta kai masa da hannunta.