Makullin da na daina yawo da shi

Ni ɗan Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, don haka na ɗauka babu abin da ruwa zai nuna min. Sai da hidimar ƙasa ta jefa ni Badagry a Jihar Legas, na tsaya a Gberefu ina kallon teku, na yi shiru da bakina.

A garin akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na jama'a. Gaskiya ba son karatu ya fara kai ni ba, fanka da cajin waya ne. Matar da ke kula da wurin dattijuwa ce, kowa Mama yake ce mata. Kullum da safe kafin ta zauna sai ta buɗe tagogi, ta bi kantoci da busasshen tsumma tana zaro littattafai tana kaɗawa. Na lura babu kantar da ta jingina da bango, kowace an bar mata tazarar kamar taki guda. Da na tambaya sai ta ɗauko wata tsohuwar mujalla ta miƙo min. Ƙarfen da aka ɗinke ta da shi ya yi tsatsa har ya ci takarda, shafuka sun manne, ga warin fumfuna. Iskar teku ce, mai ɗauke da laima da gishiri. Ta ce, "Ɗana, duba waɗanda yara ke ɗauka kullum, akwai wanda ya yi haka? Wanda ba a buɗewa shi ke ruɓewa."

A hannunta na koyi tsarin Dewey na jera littattafai, wanda ya fito tun 1876. Ilimi an kasa shi gida goma, kowane littafi da lambarsa: Musulunci 297, kamun kifi 639, tarihin Najeriya 966.9. Ita kanta ba kullum take bin tsarin ba. Tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB a bakin ƙofa ta jibge su, domin ta san abin da ke kawo yaran unguwar.

Bayan na dawo gida na samu koyarwa a wata sakandare, aka haɗa min da ɗakin karatu, wai tunda na ga na Legas. Shugaban makaranta ya danƙa min makulli ya ce, "Malam, amana ce, kada ko ɗaya ya ɓata." Ina buɗe kabad na farko sai ga ƙasa. Shekaru ana tsoron ɓarawo, ashe gara na ciki tana shagalinta. Rabin wani ƙamus ya zama gari. Mu nan abokan gabarmu daban ne da na Mama: gara, ɓera, ƙurar hunturu, da zafin bazara mai busar da gam har bango ya rabu da littafi. Amma maganin kusan ɗaya ne. Na ɗora kantoci a kan bulo, na janye su daga bango, na sayi rajista, na fara ba da aro na mako guda.

An yi min surutu, har da masu cewa na kwaso ɗabi'ar Kudu. Ni kuwa sai in tuna musu Gwandu. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ai ba a kabad suka tsira ba, almajirai ne suka yi ta kwafa da hannu, suna yawo da su a gafaka gari zuwa gari.

Ba zan ɓoye ba, zangon farko littafi huɗu ba su dawo ba, biyu daga aljihuna na biya. Na biyar ya dawo a jiƙe sharkaf. Yaron ɗan Sarkawa ne, ranar kasuwa littafin ya faɗa cikin ruwan da ya taru a jirgi. Kwana uku bai zo makaranta ba don tsoro. Sai ga mahaifinsa da ƙullin kifi banda, yana ta "Malam, a yi haƙuri, yaro ne." Na ce Baba, ya dai karanta? Ya ce ai har ƙannensa ya hana barci da shi.

Na shanya shi a inuwa shafi-shafi kamar yadda na ga Mama na yi, na danne da bulo. Ya kumbura, bangon ya karkace, yana nan a kanta ta biyu. Kifin kuma mun yi miya da shi.