Abin da Jar Fitilar "On Air" Ta Koya Mini

Lokacin da nake koyon aiki a wani gidan rediyon FM a Kano, babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayanin "on air". A jikin fitilar da ke saman ƙofar situdiyo na gane ta. Da zarar mai gabatarwa ya buɗe makirufo, sai fitilar ta kama ja, lasifikokin ɗakin kuma su ɗauke da kansu don kada sauti ya koma cikin makirufo ya yi kuwwa. Daga nan sai dai a ji ta abin kunne. Wanda ke waje kuwa, ko manaja ne, a bakin ƙofa zai tsaya.

Da yawa sun ɗauka "on air" da "live" abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. "Live" shi ne kai tsaye. Wasan kwaikwayon da aka naɗa tun makon jiya, in yanzu ake watsa shi, yana "on air", amma ba kai tsaye yake ba. Abin nufi kawai, sautin ya fita yana isa rediyon mutane. In aka ɗauke wuta janareta bai tashi ba, an koma "off air".

Wadda ta fi tsinka zuciya ita ce "dead air": tasha na aiki, amma shiru kake ji. Babban injiniyanmu ya taɓa ce mini, "Yaro, mai sauraro ba ya jira. Ya ji shiru, zai zaci batirinsa ne ya mutu, ko ya murɗa wata tasha." Na ce, "To Oga, in layin mai kira ya katse fa?" Ya ce, "Bakinka na nan ai."

Matsalar daɗaɗɗiya ce. Ranar 18 ga Afrilu 1930, mai karanta labaran daren BBC ya sanar cewa babu labari, amma ba a bar shiru ba, kiɗan fiyano aka sa ya cike sauran lokacin.

Shi ya sa kafin in buɗe makirufo nake ajiye taken shiri ko talla a shirye, da tambaya ɗaya ta ko-ta-kwana. Baƙo kuma tun a waje nake faɗa masa ya kashe wayarsa, kuma muddin fitilar na ja, ko raɗa ya yi, Kano ta ji.