Ranar da aka ce in saki gingimari da baya

Na daɗe ina jan babbar mota kafin a kira ni aikin fim. Abin da darakta ke so shi ne a ga kamar birki ya tsinke, mota ta sulalo da baya daga kan gangara. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne, in sa ta a firi, in na kai inda aka shata in taka birki. Mai kula da wasannin haɗari bai yi musu da ni ba. Ya ce mu fara gwadawa da saurin mai tafiya a ƙasa.

A gwajin nan na sha kunya. Idan mota na tafiya gaba, sitiyari da kansa yake komawa tsakiya. Da baya kuwa, ɗan karkatar da ka yi ƙaruwa yake yi, kana gyarawa kan motar na ƙara fita gefe. Birki ma ya canza hali. Da na taka da ƙarfi sai nauyi ya koma kan tayoyin baya, na gaba suka yi sakayau suka fara zamewa a kan tsakuwa, sitiyarin na hannuna amma ba ya jin magana.

Darakta ya so a kashe inji saboda ƙara. Nan na tsaya kai da fata, domin injin ne ke cika tankin iskar birki, shi ke kuma sassauta sitiyari. In iska ta sauka wajen 60 a agogon da ke auna ta, ƙararrawa za ta fara kuka, ta ƙara sauka birkin ya kame da kansa a inda ba ka zaɓa ba. Aka bar ƙarar ga masu tace sauti.

Abin da ban taɓa lissafawa ba shi ne saurin da gangara ke bayarwa. A gangarar kashi 10 cikin 100, wato wadda ke sauka mita 10 a kowace tafiyar mita 100, motar da aka saki za ta kai kimanin kilomita 30 a awa cikin daƙiƙa goma, gudu kuma in ya ninka biyu, aikin birki ninkawa huɗu yake. Don haka ba a taɓa sakin motar ba. Igiyar ƙarfe aka ɗaura mata ta gaba, wata mota da ta fi ta nauyi tana sama tana warware igiyar a hankali, kuma an hana kowa tsayawa a saitinta. Murya ɗaya kawai nake bi a oba-oba, amma «tsaya» kowa na da ikon faɗa.

Gudun da mai kallo ke gani aikin kyamara ne. Maimakon hoto 24 a daƙiƙa suka ɗauka a 18, da aka kunna sai motar ta ƙara sauri da kashi ɗaya cikin uku. Igiyar kuma suka goge ta a kwamfuta. Sau shida muka maimaita, kuma kowane karo ban ɗaga ƙafa daga birki ba sai da yaron mota ya sa waigi ya ɗaga mini hannu.